Neman Asalin Kakanni a Takardun Gwamnati: Abuja Za a Nufa ko Kaduna?

Tambaya: Wani ɗan uwa daga wani ƙauye a ƙasar Ringim ya ce dattawan gidansu na faɗin cewa kakan mahaifinsa baƙo ne, daga gabas ya zo, ya sari daji ya zauna, har daga baya aka ba zuri'arsa unguwa. Yana so ya je Abuja, ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da babban laburare na ƙasa, ya nemo asalinsu a rubuce. Me zai tarar a can, kuma da me ya kamata ya tafi?

Amsa: Malam, Allah Ya saka da alheri bisa wannan niyya, domin sanin dangantaka shi ne ƙofar sada zumunci, kuma rabon gado ma ba ya yiwuwa sai da shi. Amma ka dakata da biyan kuɗin motar Abuja tukuna. Takardun da kake nema ba a can suke ba. Sai a watan Disambar 1991 gwamnatin tarayya ta tare a Abuja, alhali mutumin da kake bincike a kansa ya rayu ne a zamanin En'e ko ma kafin zuwan Turawa. Hedikwatar hukumar adana takardun tarihi tana Abuja, gaskiya ne, sai dai tsofaffin fayilolin suna manyan rassanta uku: Ibadan, inda aka fara aikin a 1954 ƙarƙashin Kenneth Dike, da Inugu, da Kaduna. Abin da ya shafi lardunan Arewa, har da Lardin Kano wanda Jigawa ta yau take cikinsa, yana reshen Kaduna, saboda nan ce hedikwatar Arewa tun 1917.

Abu na biyu, wanda ya fi na farko muhimmanci: gwamnati ba ta taɓa ajiye takarda bisa sunan gida ko zuri'a ba. Ba za ka shiga ka ce a ɗauko maka fayil ɗin gidan wane ba. An jera takardun ne bisa ofishin da ya rubuta su, da gundumar da suka shafa, da shekarar da aka buɗe su. Sunan talaka yakan faɗo ciki ne kawai idan ya yi hulɗa da hukuma: ya riƙe sarauta, ya shiga shari'a, ya yi aikin En'e, ya shiga soja, ko an auna gonarsa don haraji. Saboda haka wanda ya je da sunan kakansa kaɗai zai dawo hannu rabbana. Wanda ya je da sunan ƙauye, da sunan gundumar da ƙauyen yake ciki a wancan lokacin, da sunan dagaci ko hakimin zamanin, da kimanin shekara, shi ne ke da abin nema. Duk waɗannan kuwa a gida ake samo su.

Ka fara da tsofaffi, kuma ka gaggauta, don da tsohuwar zuma ake magani. Kada ka tara su wuri ɗaya. Idan ka haɗa su, babban cikinsu ne zai yi magana, sauran su gyaɗa kai don kunya, ka tashi da ruwaya ɗaya tak. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka nemi izinin naɗar murya a waya, ka riƙe littafi kana rubuta sunan mai bayani da ranar da aka zauna. Kada ka tsallake mata. Gwaggo da iya da kaka sun fi maza riƙe wa ya auri wa, wace ce uwar wane, wa aka yi riƙonsa a wane gida, wa ya sha nono da wa. Sai dai akwai alkunya: tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ko surukinta ko ɗanta na fari ba, sai ta ce maka "Malam" ko "Mai gari" ko wani laƙabi. Ka rubuta laƙabin yadda ta faɗa, ka nemi sunan yanka a bakin wani.

Maganar suna ita ce ramin da ya fi cinye masu bincike. Mutum ɗaya yana iya zama Abubakar a wurin liman, Garba a gida, Habu a kasuwa, Ɗanladi a bakin kakarsa, sannan bayan ya sami sarauta kowa ya manta da duk waɗannan ya koma kiransa da sunan sarautar. Haka Abdullahi da Audu, Ibrahim da Iro, Usman da Shehu. A ɗaya ɓangaren kuma, al'adar mayar da suna takan sa jika ya ɗauki sunan kaka, sai ka sami Muhammadu uku a jere, masu ruwaya su dunƙule su su zama mutum ɗaya da ya yi shekara ɗari da hamsin yana sarauta. Kowane mutum ka buɗe masa shafi: sunan yanka, laƙabi, sunan rana, sana'a, sunan uwa da garinsu, matansa, 'ya'yansa ɗaki ɗaki, inda aka binne shi. Ka kuma tuna cewa sunan mahaifi a matsayin sunan gida sabon abu ne a wurinmu. Yaran da aka kai makarantar boko da sunan garinsu aka rubuta da yawansu, shi ya sa ake da Aminu Kano da Abubakar Rimi. Idan wani kawunka ya yi elimantare a zamanin En'e, mai yiwuwa da sunan ƙauyenku zai fito a rajista.

Tsofaffi ba sa lissafi da shekarun Miladiyya, don haka kada ka tambaye su "a wace shekara". Ka tambaya da abin da ya faru. Shin da ya zo, an yi Yaƙin Basasar Kano tsakanin Tukur da Yusufawa, wato 1893 zuwa 1895? Yana nan Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903, zamanin Sarki Alu? An yi yaƙin Haɗeja na 1906? Ya ga babbar yunwar 1914, ko annobar murar 1918, ko yunwar 1927 da ake kira 'Yan Buhu? Ga mutanen ƙasar Ringim akwai ma'auni mai kyau ƙwarai: shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Nguru, wadda ta ratsa Ringim aka kammala a 1930. Na baya bayan nan kuwa akwai zuwan Sarauniya a 1956, rasuwar Sardauna a Janairun 1966, komawa tuƙi a hannun dama a 1972, da canjin kuɗi zuwa naira a 1973. Jerin sarakunan Kano ma ma'auni ne: Abbas 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, Sanusi zuwa 1963. Idan tsohuwa ta ce an haifi wane "ana sallar farko ta Sarki Alhaji", wato Abdullahi Bayero, ka riga ka sami shekara. Inda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ka ƙiyasta shekara talatin zuwa talatin da biyar tsakanin uba da ɗa, amma da fensir, domin a gidan mai mata huɗu tazarar ɗan fari da auta takan kai shekara arba'in.

Wannan kalma ta "gabas" da dattawanku suka faɗa, ka matsa a kanta da ladabi. Gabas tana iya zama Haɗeja, tana iya zama Katagum, ko ƙasar Bade, ko Borno, wani lokacin ma ƙauyen da bai fi tafiyar yini ɗaya ba. Ka tambayi tsagar gidanku, ka kai wa tsohon wanzami bayaninta, don wanzamai sun san wace tsaga ce ta Barebari, wace ce ta Mangawa, wace ce ta Auyokawa. Ka tambayi su wane ne abokan wasanku na gado. Ka saurari kirarin da maroƙa ko makaɗa ke yi wa gidan, sau da yawa sunan tsohon gari yana maƙale a ciki ko da masu gidan sun manta. Sannan ka auna da abin da ya kori mutane a wancan zamani. Rabe ya ci Borno a 1893, jama'a da yawa suka watse yamma. Damagaram ta yi ta kai hari arewacin ƙasar Kano a ƙarshen ƙarni na 19, Ningi kuma ta addabi kudanci da kudu maso gabas, wajen Rano da Sumaila da Birnin Kudu. Bayan zuwan Turawa, da tsoron hari ya kau, mutane suka fita daga garuruwa masu ganuwa suka sari daji, noman gyaɗa kuma ya ƙara jan su bayan jirgi ya iso Kano a 1911. Labarin kakanku na saran daji ya fi kama da ɗaya daga cikin waɗannan.

Kafin ka bar gida, ka roƙi a buɗe maka adaka da tsohuwar jakar fata. Malamai sukan rubuta ranar haihuwa da rasuwa a bangon Alƙur'ani ko gefen littafi, da Larabci ko ajami. Akan sami takardar gado daga alƙali, takardar cinikin gona, rasiɗin haraji da na jangali, takardar sallama daga soja, tsohon fasfon aikin hajji. Rasiɗin haraji kada ka raina shi: yana ɗauke da shekara da sunan ƙauye da gunduma. Idan kwanan watan na Hijira ne, ka ninka shekarar da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1350 za ta ba ka 1931. Kuskuren ba ya wuce shekara ɗaya.

Daga nan sai gidan dagaci da ofishin hakimi, kuma ka bi ta hannun mai unguwa kamar yadda aka saba. Ka faɗi manufarka a fili tun farko, domin duk wanda ya zo yana tambayar wa ya sari gari, abin da ake fara zato shi ne neman sarauta yake ko rikicin gona zai tayar. Abin da kake so a nan shi ne jerin dagatan ƙauyen da tsawon mulkin kowanne, da sunayen hakiman da aka yi, da kuma ko ƙauyen ya taɓa canja suna ko mazauni ko gunduma. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci. Akwai garuruwan da suka tashi suka bar kufai, akwai waɗanda aka tasa saboda madatsar ruwa kamar ta Tiga, akwai unguwannin da a da suke ƙarƙashin wani dagaci daban.

Yanzu ka san inda za ka dosa a Kaduna. Jigawa a 1991 aka ƙirƙiro ta, don haka ba za ka ga sunanta a tsohon fayil ba. Ringim da Dutse da Jahun da Birnin Kudu da Gwaram da Ɓaɓura duk gundumomi ne na masarautar Kano a zamanin Turawa. Haɗeja da Gumel da Kazaure masarautu ne masu En'e tasu, amma su ma a cikin Lardin Kano. Rukunin fayiloli biyu za ka nema da sunansu. Na farko KANOPROF, wato takardun ofishin Razdan na Kano. Na biyu SNP, takardun sakatariyar lardunan Arewa, inda ake aika kwafin manyan rahotanni daga kowane lardi. Idan fayil ya ɓata a ɗaya, akan dace da kwafinsa a ɗayan, don haka kada ka tsaya a guda.

Ma'aikata za su ba ka kundin jerin fayiloli, ka bi shi layi layi kana neman sunan gundumarku. A nan akwai tarko biyu. Turawa sun rubuta sunaye yadda kunnensu ya ji: Hadeija, Gummel, Dutsi, Kazauri, Dambarta. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Ka riƙa karanta sunan da ƙarfi, kunnenka zai gane abin da idonka ya tsallake. Na biyu, a shekarun farko bayan an tura hakimai su zauna a ƙasarsu, wajen 1907 zuwa 1908, ana yawan kiran gunduma da sarautar hakiminta maimakon sunan gari. Ƙasar Madaki ita ce Dawakin Tofa, ta Makama ita ce Wudil, ta Sarkin Bai ita ce Dambatta. Wanda bai san sarautar da ke riƙe da ƙasarsu a lokacin ba zai wuce fayil ɗinsa yana kallo.

Takardar da ta fi kowace amfani a matakin farko ita ce rahoton kimanta haraji, wanda za ka ga an rubuta Assessment Report a bangonsa. Di'o ne ke zagaya gunduma a kan doki ya rubuta shi, yawanci tsakanin shekarun 1900 da 1930, wasu kuma an sake su daga baya. A ciki akwai tarihin gundumar kamar yadda hakimi da dattawa suka faɗa masa, jerin ƙauyuka da dagatansu, adadin maza da mata da yara, ƙabilun da ke zaune, masu sana'a kamar marina da masaƙa da maƙera, yawan karofi da rijiyoyi da kasuwanni da dabbobi. Da wuya ka ga sunan kakanka a ciki. Amma idan rahoton ya nuna ƙauyenku bai wanzu ba a shekarar da aka rubuta shi, ko ya ce Barebari ne suka kafa shi shekara kaza da suka wuce, ka sami gindin da za ka ɗora ruwayar gida a kai. Bayansa sai littafin gunduma, District Note Book, wanda ake rubuta salsalar hakimai da dagatai, wa aka naɗa, wa aka tuɓe, da dalili. Tunda an ba zuri'arku unguwa, nan ne wurin da ya fi dacewa sunanku ya fito. Ka duba kuma fayilolin rikicin iyaka tsakanin ƙauyuka ko gundumomi. A cikinsu akan ɗauki shaidar tsofaffi da sunayensu, wani lokaci har da bayanin wanda ya fara noma wane fili.

Ga talaka zalla, takardun kotu sun fi komai. Shari'ar gado takan lissafa mamaci da matansa da 'ya'yansa maza da mata da abin da ya bari, wato zuri'a guda a shafi ɗaya, kuma kusan nan ne kaɗai sunayen mata ke fitowa a takardar hukuma. Muhuti, wato magatakardan kotun alƙali, shi ne ke rubuta su, da Larabci a farkon zamani, daga baya da Hausar boko. Waɗannan ba duka suke Kaduna ba. Da yawan takardun En'e ta Kano da na kotunan alƙalai suna Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, a Gidan Ɗan Hausa, wasu kuma suna nan a tsofaffin kotunan gunduma idan gara da ruwan sama sun bar su. Don haka ni a ganina ka tsaya Kano kwana biyu kafin ka wuce Kaduna. A can ne kuma za ka tambayi takardun taki, wato awon gonaki da aka riƙa yi don sanya haraji, musamman a gundumomin da ke kewaye da birni, inda malaman taki suka rubuta sunan mai kowace gona. Inda suka tsira, babu kamarsu.

Akwai abin da ya kamata ka shirya wa zuciyarka. Cikin takardun kotu na farkon zamanin Turawa akwai rajistar bayin da aka 'yanta ko suka fanshi kansu, da suna da kimanin shekaru da ƙabila. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne, sannan aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa a 1936. Ƙauyuka da yawa a ƙasar Kano asalinsu rinji ne, wato ƙauyen bayi, ko gandun sarauta. Mai bincike yana iya cin karo da abin da ya shafi gidansu, ko gidan maƙwabci, ko gidan surukai. Wannan ba abin kunya ba ne ga kowa, zalunci ne da aka yi wa mutane, amma a ƙauye magana irin wannan tana iya kashe aure ko ta hana shi. Abin da ka gani game da gidan wani amana ne, ba na zaure ba ne, ba kuma na Facebook ba.

Abin da bai kamata ka ɓata lokaci a kansa ba shi ne ƙidayar jama'a. Rahotannin ƙidayar 1931 da 1952 da 1963 alƙaluma ne na garuruwa, babu sunayen mutane. Haka takardar haihuwa: dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a duk ƙasa a 1979 aka yi ta, aka sake ta a 1992, kuma a karkara kafin nan kusan babu wanda ake yi wa.

Game da shiga ma'adanar kanta, ka tafi da katin shaida da takardar gabatarwa, daga hakimi ko makaranta ko wurin aikinka, wadda ta faɗi abin da kake bincike. Za a sa ka cike takarda ka biya kuɗin rajista, ka karɓi rasiɗi. Ranakun aiki ne kawai ake buɗewa, Juma'a kuma rabin yini ce a aikace, saboda haka ka isa ranar Litinin ka ware aƙalla kwana huɗu ko biyar. Yinin farko kusan duka a kan kundin jerin fayiloli zai ƙare. Ka rubuta lambar kowane fayil cif yadda take, harafi da lamba da shekara, ka miƙa kaɗan kaɗan. Wasu za a dawo a ce ba a gani ba. Wannan yakan faru ne don an mayar da fayil wurin da ba nasa ba, ko an haɗe shi da wani, ko ya lalace. Ka sake nema bayan kwana biyu, ka kuma tambayi tsofaffin ma'aikata, domin sun san rumbunan fiye da abin da kundi ya nuna.

Ka yi aiki da fensir, ban da biro. Takardun sun haura shekara ɗari, sun bushe, gefensu na karyewa. Kada ka lashi yatsa ka buɗe shafi, kada ka zare takarda daga igiyar fayil, kada ka sauya jerinsu. Kafin ka ɗauki hoto da waya ka nemi izini, akwai ka'ida kuma akan biya. Idan an yarda, ka fara da bangon fayil inda lamba take, sannan shafukan a jere. Wanda ya ɗauki hoto ɗari uku babu bango zai koma gida ya rasa wane shafi ne na wane fayil, kuma duk abin da ba za ka iya faɗin lambar fayil ɗinsa ba, ba hujja ba ne. Ka tafi da abin cajin waya na tafi da gidanka saboda wuta. Rubutun hannun Turawan da ma wuyar karatu gare shi, na Larabcin kuma da irin rubutun allo ne, wanda ɗan Islamiyyar zamani kan yi tuntuɓe a kai. Idan ba ka iya ba, ka ɗauki hoto mai kyau ka kai wa alaramma ko tsohon ma'aikacin kotu a gida.

Tunda kana Kaduna, ka shiga Arewa House, tsohon gidan Sardauna da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, akwai takardun gwamnatin Jihar Arewa da rubuce-rubucen Larabci da tsofaffin jaridu. Ka nemi Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, don takan kawo labarin naɗin sarauta da wasiƙun masu karatu daga garuruwa. Ka nemi kundin Lardin Kano da W. F. Gowers ya wallafa a 1921, yana da taƙaitaccen tarihin masarautun lardin da jerin sarakunansu. Wani abin da mutane ke mantawa shi ne kundayen kammala digiri na sashen tarihi a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello. Ɗalibai da yawa sun rubuta tarihin garuruwansu, sun yi hira da tsofaffin da yanzu duk sun rasu, kuma a ƙarshen kundi sukan jera sunayen waɗanda suka zanta da su da lambobin fayilolin da suka duba a Kaduna. Samun kundi ɗaya a kan gundumarku zai rage maka aikin kwana biyu.

Duk abin da ka samu a rubuce, kada ka ɗauke shi yankan wuƙa. Di'o ta bakin tafinta ya ji, tafinta kuma daga bakin hakimi ko dagacin da ke kan gado, wanda ke da dalilin ɗaukaka gidansa ya rage na abokan takara. Idan takarda ta saɓa da ruwayar gida, ka rubuta duka biyun da inda kowanne ya fito. Abin da aka rubuta a shekarar da abin ya faru, kamar naɗi ko hukuncin gado, ya fi ƙarfi a kan kwanan wata. A kan wa ya haifi wa kuwa, tsohuwar gidanku ta fi Bature sani. Ka yi hattara da salsalar da ta tashi daga kakan kakanka ta dira Yamal ko Malle ba tare da sunaye a tsakani ba. A ƙauye, wanda ya tabbatar da kakanni biyar ko shida da hujja ya yi babban aiki.

Sai a nan Abuja ke shigowa, kuma ga wasu mutane kawai. Babban laburare na ƙasa, wanda aka kafa a 1964, yana karɓar kwafin littattafan da aka buga a Nijeriya, yana kuma da gazet ɗin gwamnati da rahotanninta. Yana da amfani idan wanda kake nema ya yi aikin gwamnatin tarayya ko siyasa bayan samun 'yancin kai. Ko a nan ma ka fara gwada reshensa na Kano ko na Kaduna. Idan a gidanku akwai wanda ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth tana da jerin sunaye a intanet da za ka duba daga wayarka. Sojojin Arewa da sunansu da na garinsu aka fi rubuta su, don haka lambar soja da ke jikin tsohuwar takarda ko lambar yabo ita ce za ta raba maka wane da wane.

Idan bincike ya nuna kakanku daga Damagaram ya gangaro, kamar yadda yake ga gidaje da yawa a wajen Ɓaɓura da Maigatari, to babban birnin da ya shafe ka shi ne Yamai, inda ma'adanar ƙasar Nijar take, takardun kuma da Faransanci suke, sai ka nemi mai karanta maka. A Landan akwai ma'adanar gwamnatin Ingila da ke unguwar Kew, inda rukunin CO 446 ya ƙunshi wasiƙun Arewacin Nijeriya kafin haɗewar 1914, CO 583 kuma na Nijeriya. Waɗannan maganganun gwamna ne da ofishin mulkin mallaka, sun shafi sarakuna da yaƙe-yaƙe da dokoki. Mai neman wanda ya sari daji a ƙasar Ringim ba shi da buƙatar su.

Idan ka dawo, ka zana bishiyar zuri'ar a babbar takarda, ka sa alama daban ga abin da takarda ta tabbatar, da abin da mutum biyu da ba su haɗu ba suka faɗa, da abin da baki ɗaya kawai ya faɗa. Ka koma wa tsofaffin da ka fara da su ka karanta musu sunayen dagatai da unguwannin da ka samo, domin jin tsohon suna yakan tuno musu da abin da ba su faɗa ba a zaman farko. Muryoyin da hotunan kada su zauna a waya ɗaya: ka tura kwafi ga 'yan uwa biyu ko uku a garuruwa daban, ka buga muhimman shafukan a takarda, ka sa a leda cikin akwatin ƙarfe nesa da bango da ƙasa saboda gara da damina.